Jirgin Sama da Kajin Iyatu

"Ku dangwala nan," in ji Maidawa, yana bin gidajen Kaoje da takardar koke.

Tun da aka samu 'yancin kai jirgin sama ya sauya hanya. Kullum da hantsi sai ya ratsa ta kan garin ya nufi Dahome. Maidawa ya rantse rugugin ne ya hana kajin matarsa Iyatu yin ƙwai. Wata huɗu ke nan ko guda ba ta ɗauka a akurki ba.

Hankalinsa kwance ya kai takardar. Gwamnatin da suka gaji da roƙonta rijiya, ita ce za ta karkatar da jirgi saboda kaji?

Sai ga shi ta karkatar. Gari ya yi tsit, ana ta yi wa Maidawa barka.

Bayan kwana uku Iyatu ta leƙa akurki, wayam. Ta juyo ta ga gwaiduwa maƙale a gemun mijinta.

"Malam, na sama ya tafi. Wanga na ƙasa mai gemu fa, ina za mu kai ƙara tai?"

Washegari aka ga Maidawa da sabuwar takarda, yana roƙon gwamnati ta taimaka ta dawo musu da jirginsu.