Furen da Malam Ya Gano

Ƙawata, matso kusa ki ji.

Wani malamin kimiyya ne mai ritaya ya dawo daga kurmi yana ɗingishi. Ya gurɗe ƙafa, amma bakinsa har kunne. A hannunsa akwai reshen wani tsiro mai naɗe bishiyoyi: ganye uku-uku, fararen furanni ƙanana masu ƙamshin zuma, irin waɗanda ba sa buɗewa sai ruwan farko ya sauka.

Kwana huɗu yana kansa. Ya auna da rula, ya ƙirga, ya zazzage littattafansa kaf, bai gan shi ba. Shi ke nan ya sanar a majalisa cewa ya gano abin da duniya ba ta sani ba, kuma sunansa za a sa masa. Har ya rubuta wa ofishin gandun daji.

Matarsa ta kawo shayi, ta leƙa teburin. "Malam, ai wannan..."

"Uwar yara, harkar ilimi ce. Ki ji da tukunyarki."

Ta ce to. Da ta miƙa masa wankakkiyar riga ya ga fure maƙale a aljihu, ya yi ta faɗa wai an taɓa masa kayan bincike. Ta ba shi haƙuri.

Ranar Asabar wata mata, jami'ar gandun daji, ta iso, abokan majalisa sun cika falo. Ta jujjuya reshen, ya riga ya yanƙwane. "Baba, da wannan ba zan iya cewa komai ba. Sai na gan shi da ransa, a kan saiwarsa."

Tafiyar awa biyu ce zuwa kurmin, ga ƙafa ta kumbura kamar tulu. Malam ya fara gumi. Abokinsa tela ya soma wani tari da bai yi kama da na mura ba.

Aka kira azahar. Matar Malam ta ja baƙuwar cikin gida don ta yi alwala. Sun daɗe.

Jami'ar ta fito da takarda cike da rubutu, ta faɗi wani suna mai tsawon igiyar guga. "Ba sabo ba ne, Baba, na dajin nan ne. Amma ya kusa ƙarewa, mun daɗe muna nemansa. Ofishinmu zai rubuto wa gidan nan godiya."

Malam bai tambayi yadda aka yi ba. Ya gyara hula, ya kalli tela sama da ƙasa. "Ilimi ai ba ya ɓuya."

Allah ya bar mu da rufin asiri, ƙawata. Don girman Allah kar ki gaya wa kowa: shekara ashirin da shida tsiron nan yana naɗe da dangar bayan kicin da ake shanya a kai, inda matar ta dasa shi da hannunta, Malam ne dai bai taɓa taka wurin ba.