Sabarar Nusaiba Ta Yi Toho

Yaya Marka, ta kama fa! Sabarar Nusaiba ta yi toho. Kin san dokar yanzu, a Dajin Kowa ake binne cibiyar jariri a dasa masa sabara, sai ta kama a ba shi katin ruwa. Tamu kuwa tun ranar suna kamar sanda.

Yau na goya Nusaiba muka je. Baba Tanko mai gadi ya ce, "Maijego, zo ki gani." Ashe ƙaya ya kewaye mata saboda awaki. Ganye shar.

Na ce, "Baba, ta kusa da ita fa, busasshiyar nan?"

Ya ce, "Ita ma ina zuba mata ruwa."

Don Allah ki gaya wa Inna ta daina rago mana ruwanta, ta sha abinta.