Fadamar Masunta

Kai da kake rantsuwa da gwaninka don ya ce shi na talaka ne, gyara zama ka ji.

An yi wani mayaƙi, maraya, ba ɗan kowa ba. Da mahara suka taso wa garinsu shi ya ja samari, masuntan bakin kogi suka tsallakar da su a kwale-kwale, aka faɗa wa abokan gaba ta baya, aka ci su. Talakawa suka ture 'ya'yan gidan sarauta suka ɗora shi. Ya buɗe ƙofar fada, mai kaushin ƙafa ya taka shimfiɗar da a da ko kallonta bai isa ya yi ba. Sai sabon shugaban ya ce zai ba kowane talaka fadama. Wani manomi da ya bi shi yaƙi, gonarsa duk tsakuwa, ya karɓi rabonsa da rawar jiki, bai tambayi mai ita ba. Ashe ta masunta ce. Alƙali ya ce haramun ne, ƙasar kakanninsu ce. Shugaba ya ce alƙali ya zo ya tsare musu in yana da mashi. Ya kuma ce duk wanda ya karɓi fili, shi zai je da ƙafarsa ya fitar da mai shi.

Manomin ya je, sai ya tarar mai filin shi ne masuncin da ya tuƙa shi a kwale-kwale ranar yaƙi, wanda ya yagi rigarsa ya ɗaure masa rauni. Ya koma fada ya ce ya fasa. Aka ce ai ya karɓa a gaban jama'a har da godiya, in ya ƙi za a haɗa da iyalinsa a kora. Ya dawo da sanda, ya tsaya a ƙofar gidan masuncin kansa a ƙasa. Damina ce, ana ruwa. Masuncin bai zage shi ba. Ya ɗora wa matarsa tukwane, ya sa yara gaba, ya goya tsohon ubansa. Da ya zo wucewa ya ce, "Ɗan'uwa, in ka zo huɗa ka kauce wa gindin tsamiyar can. Uwata na kwance a wurin." Haka manomin ya bi bayansu da sanda har bakin daji kamar mai korar awaki, mata sun fito suna kallo. Tsohon bai kai inda aka tura su ba. Fadama kuwa ta yi shinkafa, amma har manomin nan ya mutu bai iya cin tuwonta a gaban mutane ba.

To ka ji. Kafin ka miƙa hannu, ka tambayi daga bakin wa aka cire. Hausawa sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.