Jar Fitila a Goshin Tanimu

Tun da aka daina rantsar da shaidu, fitila ce ke tantance gaskiya a kotu. Ana haska goshin mutum, in gumi ya tsattsafo sai ta yi ja, maganarsa ta zama ƙarya.

Tanimu birkila kuwa, tun ranar da ya faɗo daga bene lakarsa ta taɓu, gumi bai sake neman izininsa ba. Daga wuya zuwa sama kullum sharkaf yake, ko da sanyin asuba. Duk da haka ya turo kekensa na guragu har kotu, don shi ya gina katangar Lantana, matar marigayi maƙwabcinsa, ya san inda iyakar filinta da ake shari'a a kai ta tsaya.

A bakin ƙofa mai tallar hoda ta tare shi. "Baba, shafa wannan, kowa ma shafawa yake."

"Riƙe kayanki, 'yata. Ba kwalliya na zo ba."

Mutum uku suka riga shi, goshi a bushe ƙayau, suka ce filin ba nata ba ne. Fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Shi kuwa bai gama faɗin sunansa ba ta yi ja.

Alƙali ya ce, "Malam, shaidarka ta faɗi."

Tanimu ya ƙi share fuska. Ya ɗaga goshi, gumi na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Allah ɗaya ne."

Fitila ta yi jawur.

"To, Allah gafarta Malam, rubuta. Tsakanina da ita, wa ya yi ƙarya?"