Ƙasar da Ta Dawo a Amalanke

Ƙasar da ruwa ya kwashe daga gonata ya jibge a ta maƙwabci, ta wa ce? Har yau ban sani ba.

Farkon damina, dattijon da gonarsa ke gangaren tawa a Tafoki ya kawo mani saiwar jema in dasa, ta tare zaizaya. Na ce, "Baba, mu ciyawa nome ta muke yi."

Ruwan Agusta ya bar mani tsakuwa. Jemarsa ta tare duk abin da na rasa.

Ina tsaye ina tunanin abincin yarana, sai ga amalankensa cike da baƙar ƙasa.

"Sauke kayanka," in ji shi. "Sawu shidda ne, bar kallona."

Bisa lodin ƙarshe akwai damin jema. Na durƙusa na fara dasawa.