Dunƙulen Naman Elvy

Daga lomar farko Torvald Hedblom ya ajiye cokali. Ya ƙura wa farantin ido: dunƙulen nama bakwai, dakakken dankali, miyar madara, da ɗan jan haɗin 'ya'yan itacen lingon mai tsami a gefe. Ya sake ɗanɗanawa, sai kunnuwansa suka yi ja.

Duk masu cin abincin rana a gidan sayar da abinci na Gunborg sun san shi. Ɗan nan garin Bjurmyra ne, amma shekara ashirin da biyar ke nan yana Stockholm, babban birnin ƙasar, yana yanke wa girkin mutane hukunci a wata babbar jarida. In ya yabe ka, ka ƙaro kujeru. In ya kushe ka, ka nemi mai sayen tukwane. Gunborg kuwa, tun da sabuwar hanya ta kauce wa garin, baƙin bazara kaɗai ke riƙe da ita, su kuma abin da Torvald ya rubuta suke bi.

Abin da ya fito da shi duniya littafi ne kan dunƙulen naman mahaifiyarsa, marigayiya Elvy. Shafi ɗari biyu cur. A ciki ya ba da labarin yadda duk Lahadi takan tura shi da ubansa yawo a daji, wai girki ba ya son ido. In sun dawo sai su tarar da abinci yana tururi, kicin fes, ko warin albasa babu. "Gwanar gaske ba ta barin shaida," in ji shi a shafi na tara. Sau ɗaya tak aka yi fashi, mako shida, a wani hunturu da ta yi ta kukan ciwon kai. Sirrin haɗin kuwa da shi aka binne ta. Gidan Gunborg bai taɓa taka shi ba sai yau, don Elvy takan ce abincin waje na marasa uwa ne.

"Gunborg!"

Mutanen Bjurmyra ba sa ɗaga murya. Ko gidanka ne ke ci da wuta, sai sun ba ka haƙuri kafin su faɗa maka. Nan take kowa ya gano wani abin sha'awa a cikin farantinsa.

Tsohuwar ta fito tana murza wuyan hannunta na dama, wanda ya ɗan karkace tun wata faɗuwa da ta yi a kan ƙanƙara shekarun baya.

"Sannu da zuwa, Torvald. Gishiri ne ya yi yawa?"

"Girkin uwata ne wannan."

"To."

"To? Iyakar abin da za ki ce ke nan? Harshen nan da shi nake ci da sha, ko a barci ɗanɗanon nan ba zai ɓace min ba. Ina kika samo shi? Takardunta kika lalube ranar zaman makoki?"

"Ga kofi can a kan kanta, ɗan Elvy. Sha ka huce."

Sixten, tsohon mai raba wasiƙun garin, ya buɗe baki, matarsa ta taka masa ƙafa, ya cusa dankali a bakin. A Bjurmyra, gaya wa mutum abin da bai tambaya ba daidai yake da shiga ɗakinsa da takalmi.

Torvald ya zaro alƙalami ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"Ranar Asabar duk ƙasar nan za ta karanta labarin matar da ta yi wa gawa sata. Mu ga baƙon da zai sake leƙo ki."

"Shigo kicin mu yi magana mu biyu."

"Nan za ki faɗa, a gaban kowa!"

Gunborg ta dubi kujerunta goma sha takwas. Ta dubi masu cin abinci, ta ga ƙeya kawai. Shekara arba'in tana riƙe da bakinta, ga shi yau bakin zai cinye mata gida. Ta yi ajiyar zuciya ta shige ciki.

Can ta dawo da wata shuɗiyar tukunya, ta kife ta kusa da farantinsa. A gindinta an zana suna da bakin wuƙa: E. Hedblom.

Torvald ya miƙe zumbur har kujerarsa ta faɗi.

"Kun gani ko? Har tukunyarta ta sace!"

Gunborg ta ɗaga kujerar ta mayar wurinta.

"Ba ta dawo ta karɓa ba ne, Torvald, rasuwa ta riga ta. Uwarka ko ƙwai ba ta iya dafawa ba. Duk Lahadi, da kun shiga daji, ta ƙofar baya take miƙo min ita in cika mata."