Abin da Fikri Ya Ji a Bayan Waƙa

Fikri ya yi shekara talatin yana haɗa sauti a unguwar Shubra, kuma bai taɓa yarda ya ce bai ji abu ba. Wannan girman kan ne kawai aibinsa, amma ya ishe shi.

Bayan azahar wani dattijo, Alhaji Shaukat, ya shigo da carbi a hannu da kaset a aljihu. Ya ce waƙar ƙarshe ce ta ƙanensa Nadir, wadda ya ɗauka a ranar da ya faɗo daga bene ya rasu bara. An ce shi kaɗai ne a gidan. Yanzu matar Nadir ta tsinci kaset ɗin, gobe za ta kai wa mai gabatar da ƙara.

"Injiniya uku na kai wa, duk sun ce waƙa ce kawai," in ji Alhaji.

"Waɗannan ai kunnensu na rataye tabarau ne, Alhaji. Zauna."

Alhaji ya tura ƙofar nan mai kauri, ya murɗa mukulli, wai saboda hayaniyar titi. Ɗakin ya yi tsit. An gina shi ne yadda ko ihu ba ya fita.

Fikri ya sa hedifon, ya juya baya, ya rufe ido kamar kullum. Ya dusashe kiɗan garayar ud. Ya danne muryar Nadir. Ya rage ƙugin fanka, ya ɗago abin da ya saura. Can ƙasa-ƙasa ya ji shi: ƙas, ƙas, ƙas, sai na huɗu a dakushe. Daɗin cin nasara ya rufe shi.

"Ba shi kaɗai ba ne, Alhaji. Akwai mutum a tsaye bayansa, yana jan carbi. Ƙwaya ɗaya ta tsage."

"Ka tabbata, Injiniya? Za ka faɗa gaban alƙali?"

"Ko cikin carbi dubu zan fitar da shi."

Alhaji ya yi ajiyar zuciya. "Injiniyoyi ukun nan dai suna can cikin iyalansu lafiya."

Fikri ya tsayar da kaset, ya zare hedifon ya ajiye. Ƙarar ba ta tsaya ba. Tana nan daf da ƙeyarsa: ƙas, ƙas, ƙas, sai na huɗu a dakushe.